Shimfiɗar da Ba a Sallah a Kanta

A garin Tawa, duk abin da ka shimfiɗa a zaure, in dai yana da tsabta kuma ya kai tsawon mutum, to masallaci ka buɗe ba ka sani ba. Da na san haka tun farko, da ban je kasuwa neman tapi na goge ƙafa ba, da kuma uwata ba ta yi damina da rani tana zama a ƙofar gidana kamar mai tallan gyaɗa ba.

Karnukan ba ni na kawo su ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin kiwo ne, irin waɗanda ke yawo a kan moto, wato babur, daga rijiya zuwa rijiya suna yi wa shanu da raƙuma allura. Wata shekara ya tsaya wa makiyayan arewacin Tebaram a kan wata cuta da ta shiga garkensu, suka ce sai sun saka masa. Mazan wasu rago ake ba su, ko ƙwaryar man shanu. Nawa mijin kuwa, karya aka ba shi. Ya shigo da ita yana washe baki, yana gaya mini irin waɗannan ba a sayar da su, sai wanda aka girmama ake ba. Na tsaya na dubi girmamawar: ƙafafu zaƙo-zaƙo, ciki a ɗame, haƙarƙari duk a waje. Duk baƙon da ya gan ta sai ya tambaye ni ko ba ma ba ta abinci ne, alhali ita ke fara cin tuwo da nono kafin ni. Haka halittarsu take, ko akushi guda suka lashe ba ya nunawa.

Shekara ta zagayo ta haihu, aka rarraba ƴaƴan, namiji ɗaya ya rage mana. Tun daga nan gidanmu ya samu suna. Na daɗe ina koyar da ƴaƴan unguwar nan karatu a lakwal, wato makarantar boko, amma in baƙo ya tambayi gidan madam mai koyarwa sai a yi ta kallon juna. In ya ce gidan karnuka, ko mai goyo a baya za ta nuna masa da baki.

Ciwo na ɗan lokaci ya ɗauke maigidan. Allah bai ba mu haihuwa ba, don haka da aka watse daga zaman makoki sai gidan ya rage daga ni sai su. Kusan duk wanda ya zo ta'aziyya ya haɗa mini da shawara kyauta: yanzu kam sai a mayar da su daji. Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa manya. Ban mayar ba. Lokacin da yake raye, da yamma ta yi suna jin ƙarar motonsa tun daga kan kwana, su ruga zaure su tsaya. Da ya rasu sai suka tare a zauren gaba ɗaya. Gaskiyar magana ba na iya rabuwa da su, don a duk masu shiga gidan nan su kaɗai ne ba su taɓa ce mini in yi haƙuri ba.

Da damina ta sauka, jar ƙasar Adar ta zama taɓo, zauren ya koma abin tausayi. Sawun kare, sawun takalmi, in share da safe, kafin azahar kamar ban taɓa riƙe tsintsiya ba. Wata abokiyar aikina, wadda ta yi zama a Yamai kuma ba ta bari a manta, ta ce abin da nake buƙata tapi ne a bakin ƙofa, kamar na buro, wato ofis, kowa ya goge ƙafa kafin ya shiga. Na tafi kasuwa na zaɓo wata darduma ja mai kauri. Mai shagon ya rantse mini ba ta riƙe datti, ba ta koɗewa, har jikokina sai sun gaje ta. Ban tsaya gaya masa batun jikokin ba, na ɗora ta a kan kabu-kabu muka taho.

Ban gama daidaita ta ba tsohuwar karyar ta zo ta shinshina, ta zagaya, ta kwanta. Ɗanta ya bi sahu. Ban ga laifinsu ba, dabbar da ba ta da tsoka siminti ƙashinta yake ci. Ba wanda ya taɓa goge ƙafa a kan dardumar nan. Baƙi tuɓe takalma suke yi su tsallake ta da ladabi, don wane mahaukaci zai taka abu mai kyau haka da taɓo?

Wata rana na kira mai gyaran famfo. Na shiga ɗaki in ɗauko masa ruwa, kafin in fito na tarar da shi a ruku'u a kan dardumar. Ba a katse wa mutum sallah, sai na jira ya sallame. Ya shafa ta ya ce, "Madam, wagga darduma akwai taushi, Allah shi ba da lada." Na ce amin, na ƙudurta a raina ranar hutu zan ɗauke ta. Kafin ranar hutun Inna ta zo.

Inna mahaifiyata ce. Tana zaune a ƙauyenmu kusa da Bambeye, sana'arta saƙar tabarmar kaba, kuma bakinta ya fi allurar ɗinkin tata kaifi. Hawan jini ya kama ta, likita ya ce duk wata ta shigo Tawa a auna ta a ba ta magani. Da maigidana yana raye, kunyar suruki ba ta barin ta kwana gidanmu. Yanzu da ba shi, ta ce wurina za ta riƙa sauka, kuma na yi murna har cikin raina. Ta san da karnukan, amma na taɓa gaya mata can bayan gida suke zama kusa da turken awaki, wanda gaskiya ne a zamanin da na faɗa.

Ta iso ina lakwal, maƙwabciyata ta buɗe mata. Rana ce mai zafi, karnukan sun tafi gindin randa suna shan sanyin ƙasa. Inna ta shigo zaure ta ga jar darduma shimfiɗe, ta ɗauka ɗiyarta ce ta tanadar mata. Ta yi azahar a kai, ta ɗan kishingiɗa, ta tashi ta yi la'asar. Na dawo na same ta da carbi a hannu, fuska a sake.

"Ashe boko bai canye hankalinki duka ba," in ji ta. "Kin san uwa za ta zaka, kin aje mata wurin sallah."

Ina cikin neman ta inda zan fara sai rana ta yi sanyi, lokacin jiran moto ya yi. Tsohuwar karyar ta fito daga cikin gida tana miƙa, ta wuce ta gaban Inna ko kallo ba ta ishe ta ba, ta zagaya, ta kwanta daidai inda goshin uwata ya tashi. Ɗan ya zo ya baje a wajen ƙafafu, ya yi hamma.

Inna ta dubi karyar, ta dubi ɗan, ta dube ni.

"Ke. Wagga shimhiɗa ta wa ta?"

"Inna, ta goge ƙahwa ta."

"Ban tambaye ki mi anka saye ta don shi ba. Wa ka kwana bisanta?"

Karyar ta ɗora haɓa a kan hannuwanta ta lumshe ido, wato ta amsa a madadina.

Inna ta miƙe, ta ɗauki ƙunshin kayanta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Wallahi tallahi, ƙahwata ba ta ƙara taka gidan ga muddin waɗanga na cikinai." Ta shiga gidan maƙwabciya ta yi wanka, ta wanke tufafinta, ta rama sallolinta. Azahar da la'asar a ɓoye ake karanta su, amma istigfarin da ya biyo baya ta tabbatar ya tsallako katanga.

Daga nan aka kafa sabon tsari. Duk wata in ta fito daga asibiti sai ta zo ta shimfiɗa tabarmarta a gindin bishiyar dogon yaron da ke ƙofar gidana. Nan zan kai mata abinci, nan za mu yi hira, in dare ya yi ta shiga gidan maƙwabciya ta kwana. Fushi da ni kam ba ta yi, tana cin tuwona har ta ce gishiri ya yi yawa. Shiga ce kawai ba ta yi. Masu wucewa su durƙusa su gaishe ta, su ce, "Inna, ba ku shiga daga ciki?" Ita kuma ta ce, "A'a, masu gidan na ciki suna hutawa, kar in tashe su." Unguwa ta samu abin taunawa: ga madam mai ilimi, kare a kan darduma, uwa a kan titi.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni ma na kafe, na ce ai ba karnuka ne matsalar ba, shimfiɗa ce. In na samo wadda ba mai kuskuren yin sallah a kanta, Inna za ta ga an raba tsakani, ta sauko. Har wani abokin aikina mai koyar da Larabci na tambaya, ya ce a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, sallarta ta yi. Na kai wa Inna wannan albishir da gudu. Ta ce, "Madalla. Shi zaka shi kwashe su shi kai ɗakin uwatai."

Na koma kasuwa. Mai shagon ya ga abin nema ya samu, ya fara yi mini kujera tun daga nesa. Na bayyana masa abin da nake so: shimfiɗar da kare zai so, taɓo ba zai kama ba, kuma Musulmi ba zai yi sha'awar kai goshinsa ba. Ya daɗe yana kallona, ya ce tun da yake kasuwanci ba a taɓa tambayarsa abin da ke hana sallah ba, kowa mai sa ta yake nema.

Ya ba ni tabarmar roba, ya ce ko ba komai ana wanke ta da bokiti ɗaya. Ban tuna ba sai da na shimfiɗa: irinta ce sak a kowane masallacin garin nan. Uban wani ɗalibina da ya zo bin bahasin sakamakon ɗansa bai ko tambaya ba, ya fuskanci gabas. Abin da ya rage kuma faratan karnuka suka zare shi zare-zare. Da Inna ta zo ta leƙa daga waje, ta ce, "Wagga ai ko liman yag gane ta sai ya tada iƙama."

Sai na sayo ƙaramin tapi na roba mai ƙaya-ƙaya, wanda ko jinjiri ba zai iya sujada a kai ba. An rubuta maraba da Faransanci a tsakiyarsa. Karnukan suka shinshina suka ƙi shi, suka koma janyo zannuwana daga igiyar shanya suna kwanciya a kai. Mutane kuma suka ƙi taka shi, saboda rubutu. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ke shigowa karɓar ruwan sanyi. Duk zuwan da zai yi sai ya sunkuya ya ɗauke shi, ya kakkaɓe, ya ɗora a kan katanga yana girgiza kai, wai ba a san abin da ke cikin haruffa ba. In sauke, ya mayar. Inna ta tambaye ni abin da aka rubuta, na ce barka da zuwa. Ta ce, "Wa anka yi ma? Su ko ni?"

Dabarar da na fi alfahari da ita ta zo daga baya. Na tuna ba a sallah a kan hoto, na sa aka nemo mini tapi mai ƙaton zaki, baki buɗe, haƙora a waje. Muni kam ya kai muni, har ni mai gidan sai na yi bisimilla nake shiga. Karnukan suka kwanta a kan fuskar zakin ba ko gaisuwa. Na ce yau na gama da wannan magana. Ana nan wani tsohon abokin aikin maigidana ya zo gaishe ni, la'asar ta same shi a zaure. Ya tsaya ya dubi zaki, zaki ya dube shi. Sai bawan Allah ya kama gefe ya kifa tapin, ya tada kabbara a kan bayansa. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Ina ta wannan wasan yara, lokaci yana tafiya. Damina ta wuce, aka yi girbi, sanyi ya zo ya tafi, zafi ya kunno kai. Inuwar dogon yaron nan ba ta kai ta kawo ba, ga Inna ƙafafunta sun fara kumbura. Wata rana na fito da kwanon abinci na same ta tana gyangyaɗi, kanta jingine da bangon gidana ta waje, ƙudaje suna bin bakin mayafinta. Dariyar ta ƙare mini a wurin. Tsoro ya kama ni, tsoron kada wata rana matar nan ta cika a ƙofar gidana, a ce ɗiyarta ta zaɓi karnuka. Kuma in an faɗa ba a yi ƙarya ba. Inna ba ta taɓa yin rantsuwa ta janye ba, ni kuma na san shimfiɗa ba ta warware wallahi, na dai yi ta ruɗin kaina ne.

Na aika wa makiyayan Tebaram saƙo, in sun shigo cin kasuwa su biyo su ɗauki abinsu. Da yamma na zauna a gefen tabarmar Inna ina tsince shinkafa a faifai, ƙofar zaure a buɗe, karnukan suna kwance a kan zakinsu, na gaya mata.

"Na aika a zaka a tahi da su, Inna. Wata mai kamawa ciki za ki kwana."

Ta ce, "To."

Muna zaune haka sai wani moto ya karyo kwana, irin mai tsohuwar ƙara, yana tari yana shaƙewa kamar na marigayi. Karnukan suka zabura suka tsaya a bakin ƙofa, kunnuwa a miƙe, jela tana rawa. Moton ya wuce da wani mutum da buhun gawayi. Suka bi shi da kallo har ya ɓace, suka koma suka kwanta. Na ci gaba da tsince shinkafar da ke kan cinyata. Ranar Inna ba ta ce komai a kan zaki ba, abin da ya ba ni mamaki, don ta saba ba ta tashi sai ta yi masa kirari. Da za ta shiga gidan maƙwabciya ta tsaya ta daɗe tana duban yadda tsohuwar karyar ta naɗe jikinta. Ta ce, "In mutanen sun zaka, ki ce su dakata sai na komo."

Watan ya kama a tsakiyar bazara, irin zafin da ko ƙadangare ba ya fita. Ina cikin gida na ji sallamarta, na fito da sauri da tabarmar da zan shimfiɗa mata a waje. Sai na gan ta tsaye a tsakiyar zaure, da wani ƙunshi a ka. A ciki. Takalmanta suna bakin ƙofa.

"Ɗauke wanga dodo," ta ce, tana nuna zaki da ƙafa.

Na naɗe shi. Ta sauke ƙunshin ta kwance. Tabarmi ne guda biyu na kaba, amma ba irin waɗanda ta saba yi ba. Zagayayyu ne kamar manyan faya-fayai, ta ninka saƙar ta yi kauri, ta ɗaure bakin da igiya yadda farce ba zai zare shi ba. Faɗin kowace daidai kare in ya naɗe. Ta jefa su a lungun zaure, ɗaya nan ɗaya can.

"Ga shi. Ba ta da gaba, ba ta da baya, ba ta ɗaukar goshi da gwiwa lokaci guda. Wanda duk yay yi sallah bisa wagga, shi da Allah. Masu taɓo kuma su tuɓe takalmansu waje, kamar yadda anka saba tun kahin a haihi mai tapi."

Tsohuwar karyar ta zo ta shinshina, ta zagaya, ta kwanta, ta cika da'irar cif. Inna ta matsa gefe don kada jela ta taɓa mata zane, ta ciro tata tabarmar sallah ta ce in kafa mata ƙusa can sama, inda ba mai kaiwa sai mai hannu.

Na ruga na ɗebo mata ruwan randa. Leɓunanta sun bushe har sun tsage. Ta kawar da kai.

"Azumi nika yi."

Ba watan azumi ba ne, ba Litinin ba, ba Alhamis ba. Na tsaya da moɗa a hannu, sannan na gane. Kaffarar rantsuwa take biya, a wannan zafi, da wannan ciwo, bayan ta sha hanya tun daga ƙauye.

"Haba Inna! Da kin hwaɗa mani ai sai a ciyar da mabukata, ga hatsi nan. Likita ma cewa yay yi..."

"Bakina yay yi rantsuwa, shi za ya biya. Ba hatsinki ba."

"To mi yas sa? Na riga na aika a ɗauke su."

Ta zauna a hankali, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta a kan simintin zaurena, ta dubi ƙofa.

"Ran nan da moto yaw wuce," ta ce, "kai ukku nig ga sun ɗaga. In na kori biyu, wa za ya taya ta ukkun jira?"

Na ajiye moɗar a ƙasa. Inna ta ce in bar tsayuwa a kanta kamar wadda aka dasa, in je in jiƙa gero, magariba ba ta jiran mai kuka.